Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Tsara Lokacinsa Daga Makon Rajista Zuwa Ranar Jarrabawa

A takarda, zangon karatu a jami'o'in Najeriya mako 15 ne na darasi, sannan a ware wasu makonni na jarrabawa. Wanda ya zauna a aji ya san ba haka abin yake tafiya ba. Makonnin farko rajista ce ke cinye su: biyan kuɗi ta Remita, bin layin sa hannu a ofishin kodineta, fafutukar samun gado a hostel. Wani malamin sai mako na uku ko na huɗu za a ga fuskarsa. Kafin ka ankara an shiga tes, uku a mako guda, daga nan sai a wayi gari an manna jadawalin jarrabawa. Idan kuwa daga yajin aiki aka dawo, irin na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 da aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, to matse zangon ake yi don a cike giɓi, karatun wata huɗu a dunƙule shi cikin 'yan makonni.

Shi ya sa jadawalin nan da ɗalibi ke zanawa da rula ya manna a bango, ƙarfe takwas kaza, ƙarfe tara kaza, ba ya kai mako biyu. Ranar da malami ya ɗage lakcar Talata zuwa Asabar, ko aka ɗauke wuta tun magariba, shi ke nan ya rushe, mai shi kuma ya ce shi dai tsari bai karɓe shi ba. Alhali jadawalin ne ke da laifi. Tsarin da ke ɗorewa a jami'a shi ne wanda aka gina da sanin cewa rabin lokacinka ba a hannunka yake ba. A kan wannan na ɗora matakan da ke tafe. Zan riƙa cewa "ka", amma da ɗalibi da ɗaliba duka nake.

Mataki na farko: san nauyin kowane kwas

Ɗauko fom ɗin rajistar kwasa-kwasanka. A gefen kowane kwas akwai lamba, 1 ko 2 ko 3, wani lokacin har 4 ko 6 idan furojet ne. Ita ce yunit. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a kowane mako, ko awa uku na aikin gwaji a lab, kuma ɗalibi kan ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24 a zango guda.

A yawancin jami'o'i, maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E, daraja 1, a inda ake aiki da ita. Abin da ya yi ƙasa F ne, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimlar yunit, abin da ya fito shi ne GPA ɗinka.

Bari mu buga lissafin mu gani. Ɗalibi ya ɗauki yunit 18, ya ci B a komai. Maki 72 ke nan, a raba da 18, ya tashi da 4.00. To, a ce kwas ɗaya ya kayar da shi. Idan mai yunit 1 ne, zai tashi da 3.78. Idan kuwa mai yunit 3 ne, 60 za a raba da 18, ya faɗo 3.33, ƙasa da 3.50 inda tu-wan, wato babban mataki na digiri mai daraja ta biyu, ke farawa. Faɗuwa ɗaya ce, amma ramin ba ɗaya ba ne. Kuma kari-oba, wato kwas ɗin da ka faɗi, ba maki kawai take ci ba. Baɗi sai ka sake zaman kwas ɗin da ƙannenka, lakcarsa ta ci karo da ta ajinka, jarrabawarsa ma ta yiwu ta ci karo.

Saboda haka raba kwasa-kwasan gida uku a bayan littafinka: masu nauyi kuma masu wuya, masu nauyi amma da sauƙi, sai marasa nauyi. In ba ka san wanne ne mai wuya ba, tambayi 'yan ajin da ke gabanka, mutum biyu ko uku, kada ka tsaya ga ɗaya, don wanda malami ya kayar ba ya faɗin alherinsa. Gidan farko shi ke ɗaukar lokacin da kanka ya fi sakewa. Sai dai a kula da kwasa-kwasan bai-ɗaya, GST ko GSP ko GENS, kowace jami'a da yadda take kiransu. Raina su ake yi, su kuma suna riƙe mutum a makaranta bayan abokansa sun tafi bautar ƙasa.

Abu biyu kuma ka tabbatar daga littafin dokokin makarantarku tun makon farko: maki nawa aka ware wa tes da asaimen, 30 ne ko 40, da kuma dokar halartar lakca, wadda a mafi yawan wurare kashi 75 cikin ɗari ce kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da 30 cikin 40 a aljihu, da wanda ya shiga da 12, ba karatu ɗaya ke gabansu ba.

Mataki na biyu: zangon gaba ɗaya a kan takarda ɗaya

Samu falle ɗaya na takarda, ka ja layuka gwargwadon makonnin zangon, kowane layi mako guda, da kwanan watan Litinin ɗinsa a gefe. Daga kalandar makaranta ka cike ranar rufe rajista, ranar rufe ƙara kwas ko sauke shi, hutun tsakiyar zango in akwai, da makon fara jarrabawa. Da fensir za ka rubuta, don za su motsa.

Sannan ka sa abubuwan da kalandar makaranta ba ta san da su ba. Bikin yayarka, walimar saukar ƙaninka, Ƙaramar Salla ko Babba, farkon azumi, Kirsimeti ko Ista ga wanda ya shafa, makon da za ka je gida karɓo kuɗi da kayan abinci. Biki a gidan Bahaushe ba yini ɗaya ba ne, musamman ga mace: ga kamu, ga yinin biki, ga kai amarya. Idan kin gan shi a takarda tun makonni shida kafin ya zo, za ki san cewa asaimen ɗin da ya faɗo wannan makon sai an gama shi tun makon da ya gabata.

Duk ranar da malami ya ambaci tes ko ranar karɓar aiki, kafin ka tashi daga kujerar ka sa a takardar nan. Amfaninta shi ne za ka hango makon da abubuwa suka cunkushe tun yana nesa. Kusan kowane zango akwai irin wannan makon, wajen tsakiya zuwa ƙarshe, lokacin da malamai duk suka tuna a tare cewa ba su yi tes ba.

Mataki na uku: ƙirga abin da ke hannunka da gaske

Mako awa 168 ne. Cire barci, awa bakwai kowane dare, 49. Cire lakca, a ce 18. Salla, wanka, wanki, girki da cin abinci, a ce 25. Zirga-zirga, ga mai zuwa daga gida, awa biyu a yini sau biyar, 10. Saura 66. Naka lissafin zai bambanta, amma ka yi shi da gaskiya. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke fitowa daga cikin gari zuwa sabuwar jami'a a titin Gwarzo, ya bi ta Kabuga da safe, kada ya rubuta minti ashirin. Haka ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke kai-komo tsakanin harabar Samaru da ta Kongo a Zariya, ko ɗalibin likitanci mai zuwa asibitin koyarwa a Shika.

Shawarar da aka saba ba ɗalibai ita ce kowace awa ɗaya ta lakca a bi ta da awa biyu na karatun kai. Ga mai yunit 18, awa 36 ke nan. A ganina wannan ya yi wa mafi yawan mutane yawa a farkon zango, kuma wanda ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ba, ajiyewa yake yi gaba ɗaya. Fara da awa 20 zuwa 24 a mako, wato uku zuwa huɗu a yini, ka huta yini guda. Ko da hakan, lissafi ya nuna akwai rarar sama da awa 40. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ina suke tafiya. Buɗe Digital Wellbeing a wayar Android ko Screen Time a iPhone, ka duba awannin makon jiya. Galibi amsar tana nan.

Mataki na huɗu: ɗaure karatu a jikin salloli

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci.

Lakca tana motsi, wuta tana zuwa tana tafiya, amma salloli biyar suna nan inda suke. Sun riga sun yanka maka yini gida-gida, kuma ba sai ka saita ƙararrawa ba, ladan zai tuna maka. Maimakon ka ce "zan yi karatu ƙarfe huɗu da rabi", ka ce "daga masallacin la'asar laburare zan wuce, ba ɗaki ba". Na farkon alkawari ne da agogo, ana iya ɗage shi da minti goma-goma har magariba ta yi. Na biyun kuwa ƙafarka ce ta riga ta fito. Ɗalibi Kirista ma yana da irin waɗannan turaku: addu'ar safe, taron zumunta na yamma, sujadar Lahadi.

Bayan asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai shi ne lokaci mafi tsada a yini. Hostel shiru, ba zafi, ba mai kiranka a waya, kuma haske na zuwa ko babu wutar lantarki. Kwas ɗin gidan farko nan ne wurinsa. Awa ɗaya da rabi kullum a wannan lokacin, kwana shida, awa tara ke nan, kusan rabin abin da kake nema a mako. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne mai wuyar: sai ka kwanta kafin sha ɗaya.

Tsakanin azahar da la'asar, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke kai wa maƙura, ba lokacin fahimtar sabon abu ba ne. In babu lakca, yi ƙailula ta rabin awa, ko ka yi ayyukan da ba sa buƙatar tunani: fotokwafi, wanki, sayayya, bin sa hannu. Bayan la'asar zuwa magariba ya dace da bitar abin da aka koyar yau da kuma karatun haɗaka. Bayan isha'i zuwa goma na asaimen ne da kwasa-kwasan da suka fi sauƙi.

Sai giɓin da ke tsakanin lakca da lakca. Ana fitowa ƙarfe goma, ta gaba sai sha biyu. Nan ne awanni suke salwanta a gindin bishiya da wajen mai shayi, ba tare da kowa ya ji ya ɓata lokaci ba, tunda ai a makaranta ake. Haka idan aka zauna jiran malami, bayan rabin awa wakilin aji ya miƙe ya ce Malam ba zai samu zuwa ba. Dabarar ita ce kullum a jakarka akwai aiki ɗaya da ka riga ka zaɓa tun daren jiya saboda irin wannan: tambayoyi biyar na shekarun baya, ko shafi shida na handawut. In sai a lokacin za ka fara tunanin me za ka karanta, hira ta riga ta ja ka.

Abu na ƙarshe a nan: bar wurare biyu a mako babu komai a cikinsu, misali yammacin Laraba da safiyar Asabar. Kada ka cike su. Su ne za su karɓi lakcar da aka ɗage, da karatun da rashin wuta ya hana, da baƙon da ya sauka ba sanarwa. Makon da ba abin da ya taso, ka huta abinka, halal ɗinka ne.

Mataki na biyar: wuri ɗaya na rubuta komai

Ƙaramin littafi mai shiga aljihu, ko manhajar rubutu a waya, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni littafi na fi so wa ɗalibi, don cajinsa ba ya ƙarewa, kuma buɗe shi ba ya kai ka TikTok. Guruf ɗin WhatsApp na aji ba ma'ajiya ba ce. Sanarwar tes kan nutse a ƙarƙashin saƙo ɗari biyu na barkwanci da tallan atamfa. Da ka gan ta, kwashe ta zuwa littafinka.

Daren Lahadi ka zauna minti ashirin da takardar zango da littafin. Duba makonni biyu masu zuwa, ka fitar da abin da za a yi a wannan makon, ka raba wa ranaku. Kowace rana abu uku, kada su wuce. Kuma yadda aka rubuta aikin shi ke sa a yi shi ko a ƙi. "Karanta lissafi" ba aiki ba ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Ga yadda shafin Talata ya kamata ya kasance:

Bayan asuba: lissafi, tambaya ta 1 zuwa ta 8 a takardar tutoriyal.
Giɓin ƙarfe goma: kwafe lakcar Alhamis da ta wuce ni.
Bayan isha'i: gabatarwar asaimen, shafi ɗaya, ko ba ta yi kyau ba.

Babban aiki kamar asaimen mai shafi goma ko babin furojet, daga ranar miƙawa ake lissafo shi a dawo baya. Idan Juma'a za a karɓa, ranar Laraba ce ranarka ta gamawa, don ranar Alhamis shagon buga takardu cike yake, ko injin ya ƙi tashi. Kafin Laraba kwana biyu na rubutu, kafin su kwana biyu na neman bayanai. Ka ga aikin da ake ganin na daren Alhamis ne, ashe tun Asabar ya kamata a taɓa shi. 'Yan ajin ƙarshe kuma su sani cewa sufabaiza yana da ɗalibai da yawa da nasa ayyukan. Babin da ka miƙa yau zai iya yin mako biyu kafin ya dawo, saboda haka kana miƙa na ɗaya ka fara na biyu.

Mataki na shida: karatun da ke zama

Tsara lokaci ba zai yi amfani ba idan abin da ake yi a cikin lokacin ba ya zama a kai. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan an koyi abu, sannan ta rage sauri, kuma maimaitawa a lokuta mabambanta na rage ta. Abin da wannan ke nufi gare ka: lakcar yau, yau za a bita. Minti goma sha biyar sun isa. Sake dubawa ƙarshen mako, sannan bayan makonni biyu ko uku. Wanda ya yi haka, makon jarrabawa tuni yake yi. Wanda bai yi ba, sabon koyo yake yi, shi kaɗai, ba malami.

Kuma bita ba ita ce bin layi da ido ana shafa masa kala ba. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, ba a sanin an haddace sai an kife allon an kawo hadda. Yana da gajiyarwa fiye da karantawa kawai, shi ya sa ake gudunsa, amma shi ne irin aikin da za a nema daga gare ka a ɗakin jarrabawa. Tambayoyin shekarun baya ma tun mako na huɗu ake nemo su, don su nuna maka inda malamin ke sa ido.

Akwai dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, ana kiranta Pomodoro: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Tana da amfani ranar da kasala ta kama ka, domin kowa zai iya lallashin kansa da minti 25. Amma ga lissafi ko zane ko rubutu mai tsawo, ta yi gajarta, kana fara nutsewa za a ce ka tashi. Minti 45 zuwa 50 sun fi. Hutun kuma na miƙe ƙafa ne da shan ruwa. Wanda ya ɗauki waya a hutun minti biyar, sai dai a gan shi bayan rabin awa.

Sai maganar kwana a aji, abin da ɗalibai ke kira TDB. Mutum ya ɗauki bargo da maganin sauro da kofi ya tafi aji tun goma har asuba. A ƙirga da gaskiya: awa nawa aka yi ana karatu, nawa ana gyangyaɗi a kan benci, nawa ana hira a waje? Washegari kuma lakcar safe ta tafi, ko an je an zauna kamar gunki. Barci yana cikin abin da ke daidaita karatu a ƙwaƙwalwa, kuma baligi na buƙatar awa bakwai zuwa sama. In wuta ce ke kai ka ajin dare, je ka daga isha'i zuwa goma ka dawo.

Karatun haɗaka yana da kyau idan mutum uku ne zuwa biyar, kowa ya karanto kafin ya zo, kuma an san lokacin tashi. Ya wuce haka, majalisa ce.

Mataki na bakwai: mutane

Waya ana iya kashe ta a jefa cikin jaka. Mutum fa? A al'adarmu ba a korar wanda ya zo wurinka, kuma kunya kan sa ɗalibi ya rufe littafi ya yi awa biyu yana hirar ƙwallon da bai ma kalla ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a same ka. Ɗakin hostel wurin kwana ne, ba wurin karatu ba. Nemi lungunka a laburare, kamar Laburaren Kashim Ibrahim ga 'yan ABU, ko wani ajin da ba na sashenku ba inda ba a san ka ba.

In kuma an riske ka, ba sai ka ɓata fuska ba. Ba shi wani lokacin a madadin wannan: "Mutumina, wallahi tes gare ni jibi. Bari mu haɗu bayan isha'i wajen mai shayi, ni zan saya." Ba wanda zai ji haushin wannan.

Ɗalibar da ke zuwa daga gida nata ya fi nauyi, don aikin gida ba ya sanin an fara tes. Abin da ke aiki shi ne magana tun da wuri, da kuma musaya maimakon neman a ɗauke miki: "Umma, Laraba da Alhamis ina da tes. Don Allah Auta ta karɓi girkin dare na kwana biyun, ni kuma in yi nata na Asabar da Lahadi." Matar aure mai yara ta kai takardar zangon nan gaban maigida tun farko, ya ga makonnin da za ta buƙaci a kama mata, ta yi miyar kwana biyu ko uku a lokaci guda in akwai wurin ajiya, ta kuma riƙe bayan asuba da kyau, don sau da yawa shi kaɗai ne lokacin da ba mai kiran sunanta. Mai haɗa karatu da sana'a, ɗinki ne ko shagon POS ko koyarwa a makarantar yamma, gara ya tsaya kusa da mafi ƙarancin yunit da doka ta yarda, da ya ɗauki 24 ya zubar da shida.

Ƙungiyoyi, na addini da na sashe da na 'yan jiha, suna da amfani, a nan ake koyon magana a gaban jama'a da sanin mutane. Amma muƙami ɗaya ya isa a shekara.

Mataki na takwas: takardu, caji da ciki

Sayi fayil ɗin roba guda. Takardar shaidar samun gurbi, rasit ɗin kuɗin makaranta na kowace shekara, fom ɗin rajistar kwas mai sa hannu, katin jarrabawa, duk a ciki, kuma kowanne ka ɗauki hotonsa ka tura Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta, ko ka aika wa kanka ta imel. Ranar tantancewar ƙarshe za a tambaye ka rasit ɗin aji ɗaya. Furojet kuwa duk ranar da ka taɓa shi ka tura kwafi, don kwamfuta na mutuwa, filashi na ɓata, waya kuma ana sacewa.

Kowane kwas da littafinsa, ko aƙalla da sashensa, da kwanan wata a saman kowace lakca. Handawut ɗin da aka turo a guruf, sauke shi ka sa masa suna mai ma'ana a jakar kwas ɗin tun ranar. Ana kawo wuta, caji ne farko: waya, fitila, fawa-bank. Ruwa a tara da dare. Girki a haɗa na yini biyu. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke cinye safiya.

Idan azumi ya faɗo cikin zango, juya jadawalin. Karatu mai nauyi ya koma bayan sahur da asuba zuwa hantsi, yamma ta zama ta hutu da aikin hannu, sai ɗan bita bayan tarawihi. In kuma aka tafi yajin aiki, kada ka bar littattafan a hostel. Awa ɗaya a yini ta isa ta riƙe maka zaren, domin ana dawowa wasu malaman tes suke fara yi.

Mataki na tara: makonni huɗun ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako huɗu, jera batutuwan kowane kwas a takarda, ka sa wa kowanne alama: na iya, da dama-dama, ban iya ba. Fara da na ukun. Rai zai so ya koma kan abin da ya riga ya iya don yana da daɗin karantawa, kada ka biye masa. Abin da ya gagare ka, kai wa wanda ya iya ko malamin tun yanzu, kafin layi ya yi tsawo.

Da jadawalin jarrabawa ya fito, na gwaji ne ko na ƙarshe, kwafe naka da hannunka: rana, lokaci, ɗaki. Kada ka dogara da "an ce". Jadawali kan canza, saboda haka sake dubawa a allon sashe, ba a hoton da wani ya turo ba. In kwas biyu sun ci karo, abin da ya fi samun masu kari-oba, je wurin jami'in jarrabawa na sashe a ranar: "Malam, barka da aiki. Ina da takarda biyu da suka haɗu ranar Talata ƙarfe tara, ga lambobinsu, ga fom ɗina." Tun jadawali na gwaji gyaran ke da sauƙi.

Sannan ka tsara bitar daga baya zuwa gaba. Takardun da ke jere kwana da kwana, ko biyu a yini ɗaya, su ake gamawa tun kafin a fara jarrabawa. Wadda ke da tazarar kwana uku a gabanta tana iya jira. Makon ƙarshe na amsa tambayoyin baya ne da agogo a gabanka, awa biyu ko uku kamar yadda za a ba ka.

Daren jarrabawa haɗa katin shaida, katin jarrabawa, biro biyu da kalkuleta in ana bukata, ka kwanta da wuri. Isa ɗakin da rabin awa a hannu. A ciki ma lissafin lokaci ne: tambaya huɗu a awa biyu, minti 25 kowacce, ragowar na karanta tambayoyi da dubawa. Kada ka zuba awa guda a kan wadda ka fi iyawa, makinta ba zai wuce abin da aka ware mata ba. Tabbatar ka sa hannu a takardar halarta kafin ka fita, domin idan sakamako ya fito babu naka, ita da fom ɗin rajistar da ke cikin fayil ɗinka za a nema. In an fito, kada ka tsaya a bakin ƙofa ana tantance amsar tambaya ta uku. Wuce ka ci abinci, ka ɗan kwanta, ka ɗauko takardar gobe.